Kundin aikin zaɓen manhajar taswira don warware kacici-kacicin geocaching a Zariya

Asabar, 4 Oktoba 2025

An buɗe wannan kundi domin aiki guda: tantance manhajar taswira da za mu riƙa dogaro da ita wajen warware kacici-kacicin geocaching, wato wasan da ake ɓoye ƙaramin akwati a ba da lambobin wurin, mai nema ya bi GPS har ya kai gare shi ya sa hannu a 'yar takardar da ke ciki. Wasan ya fara ne a watan Mayun 2000, jim kaɗan bayan Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula, lokacin da Dave Ulmer ya ɓoye akwati na farko a jihar Oregon.

Akwatin gama-gari ba ya son wata manhaja ta musamman, kowace waya za ta kai ka. Na kacici-kacici ne ke da aiki, domin lambobin da aka wallafa ba nan akwatin yake ba. Ƙa'ida dai ta ce wurin gaskiya kada ya wuce mil 2, wato kilomita 3.2, daga lambobin da aka nuna. Sauran kuma sai lissafi. Masu buƙatar taswira iri huɗu ne muka fi gani: a ba ka wuri da nisa da kusurwa a ce ka fitar da sabon wuri, a ba ka da'ira biyu ko uku a ce ka nemo inda suka haɗu, a ba ka layuka biyu masu gittawa, ko a ba ka lambobi a wani tsari dabam, ko daga tsohuwar taswira, a ce ka juya su.

Akwatunan da aka yi wa rajista a Najeriya ba su da yawa, saboda haka za mu tsara kacici-kacici goma namu a cikin Zariya da kewaye, waɗanda mun riga mun san amsarsu, mu gwada kowace manhaja a kansu. Waɗanda za a gwada: Google Maps da My Maps, Google Earth Pro, QGIS, GC Wizard da c:geo. Sharuɗɗan su ne amsa ta faɗa cikin mita 5 daga wurin gaskiya, manhaja ta yi aiki ko babu sabis, kuma kwamfuta mai RAM gigabait 4 ta iya ɗaukarta, don ita ce a hannu.

Talata, 7 Oktoba

An sauke komai. QGIS 3.40 kaɗai ya haura gigabait 1, sai da aka bari dare ya yi kafin ya sauka ba yankewa. An kwafe fayil ɗin a filashi don kada kowa ya sake ƙona data a kansa. A cikin QGIS an ƙara ƙananan kayan aiki uku: Lat Lon Tools, Shape Tools da QuickMapServices. Data N7,000, filashi N5,500.

Alhamis, 9 Oktoba

Tun kafin a taɓa kacici-kacici ko ɗaya, tsarin rubuta lambobi ya ci mana yini guda, kuma ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla.

Geocaching na amfani da digiri da minti mai ɗigo, bisa ma'aunin WGS84, wato ma'aunin duniya da GPS ke aiki da shi. Lambar gwajinmu, wadda babu akwati a wurin, ita ce N 11° 04.500 E 007° 42.300. Google Maps kuwa digiri mai ɗigo yake nunawa, ko digiri da minti da sakan. Wanda ya kwafe lambobin nan ya jera su a matsayin 11.04500 da 7.42300 ya tafi kilomita 3.3 kudu da kusan kilomita 31 yamma, ya bar Zariya gaba ɗaya. Juyin da ya dace shi ne a raba mintin da 60: 11 da 4.5/60 ya ba da 11.07500, 7 da 42.3/60 ya ba da 7.70500. Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari don ba ya fita fili: a karanta 04.500 a matsayin minti 4 da sakan 50. Wannan mita 614 ne kacal zuwa arewa, kana nan cikin gari, taswira ta nuna maka unguwa da gidaje kamar komai daidai ne.

Abin da ya kamata kowa ya haddace a nan Zariya: lamba ɗaya a ƙarshen minti, wato 0.001, mita 1.84 ce ta kudu da arewa, mita 1.82 ta gabas da yamma. Da wannan kaɗai mutum zai iya auna girman bambancin amsoshi biyu da ka.

A Google Earth Pro ana sauya tsarin a Tools, Options, 3D View, a zaɓi Degrees, Decimal Minutes. A QGIS, Lat Lon Tools ke karɓa da fitar da wannan tsari. GC Wizard da c:geo dama don wasan aka yi su, ba sa buƙatar gyara. Wasu alamomin gida da muka rubuta a bangon littafi don saurin gane ɓata: a UTM, tsarin da ke ba da wuri da mita maimakon digiri, Zariya na shiyya ta 32, harafin P, lambar gabas wajen 358,000, ta arewa wajen 1,224,000. A Plus Code kuwa, tsarin lambar wuri na Google, cikakkiyar lambar ko'ina a garin nan da 7F39 take farawa. In amsa ta fito ba haka ba, a koma baya.

Asabar, 11 Oktoba

Awon farko na wuraren tushe guda shida, waɗanda duk kacici-kacicin za su rataya a kansu: biyu a gefen Samaru, ɗaya kusa da Kwangila, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya wajen Ƙofar Gayan, ɗaya ta hanyar Wusasa. An zaɓi abin da ba ya motsi kuma ana ganinsa daga sama, kamar kusurwar kwalbati da gindin falwayar kankare.

Yadda ake awon: a ajiye waya a kan wurin, fuskarta sama, a bar ta minti 3 ta natsu, sannan a rubuta lamba sau goma, duk bayan sakan 30. Wayoyi uku aka sa. Biyu sun tsaya cikin mita 3 zuwa 4 da juna, ta ukun, wadda ta fi tsufa, tana yawo har mita 9, an cire ta daga aikin awo. Awon rana ɗaya bai isa ba, don taurarin ɗan'adam na GPS da ke sama da safe ba su ne na yamma ba. Za a maimaita a wata rana da wani lokaci dabam a ɗauki matsakaici. Kuɗin keke N2,400.

Lahadi, 12 Oktoba

Hadari ya taso da la'asar, ba a fita ba. An shigar da lambobin jiya a Excel.

Laraba, 15 Oktoba

Gwajin nisa da kusurwa. Tambayar: daga lambar gwaji, tafi mita 1,500 a kan digiri 63 daga arewa ta gaskiya.

Da hannu, ɓangaren arewa mita 681 ne, na gabas mita 1,336.5. In aka mayar da su minti da ma'aunin da ke sama, amsa ita ce N 11° 04.869 E 007° 43.034. GC Wizard ya ba da wannan daidai, cikin sakanni, waya kuma a yanayin jirgi. Shape Tools a QGIS shi ma haka.

Google Earth Pro ba shi da wurin da za ka rubuta nisa da kusurwa. Sai dai ka ja layin Ruler da linzami kana kallon lambobi biyu suna canzawa, in ka daidaita nisa kusurwa ta goce, in ka daidaita kusurwa nisa ya goce. Mutum uku sun gwada, amsoshinsu sun bambanta da mita 4 zuwa 11. Don duba amsar da aka riga aka samu yana da kyau ƙwarai, amma ba don samo ta ba.

Wani shafin lissafi na intanet da aka gwada ya ba da 04.867 da 43.035. Ba lalacewa ya yi ba, duniya yake ɗauka a matsayin ƙwallo zagayayye mai kilomita 6,371 daga cibiya, alhali WGS84 na ɗaukar ta a ɗan taushe ta sama da ƙasa. A kusa da layin tsakiyar duniya, wato ikweta, irin namu, bambancin ya fi fitowa ta kudu da arewa, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A nan mita 3 da rabi ne, ba zai hana a ga akwati ba, amma zai iya sa na'urar tantance amsa ta ce ba ka ci ba in mai akwatin bai bar rata ba.

Sai tarko biyu a cikin QGIS ga wanda ya ƙi Shape Tools ya ce zai yi da kansa a kan UTM. Na farko, umarnin project a wajen lissafi radiyan yake karɓa, wani ma'aunin kusurwa dabam, ba digiri ba. An rubuta 63 tsurarsa, wuri ya fito a kan kusan digiri 10, can arewa. Sai an rubuta radians(63). Na biyu, arewar layukan UTM ba ita ce arewa ta gaskiya ba. Tsakiyar shiyya ta 32 na kan digiri 9 gabas, mu kuma muna yamma da ita da digiri 1.3, wanda ya karkata arewar da rubu'in digiri. A mita 1,500 wannan mita 6 da rabi ne a gefe. Maganinsa a ƙara 0.25, a sa 63.25. Da aka yi haka amsa ta dawo kan ta GC Wizard.

Asabar, 18 Oktoba

An shigar da wuraren tushe cikin QGIS daga fayil ɗin CSV, sai ga su duka a jihar Taraba, sama da kilomita 500 daga nan. Dalili: X lambar gabas ce, Y ta arewa, mu kuma mun saba faɗin arewa da farko. Lambobin Zariya, 11 da 7, ko an juya su suna nan cikin Najeriya, shi ya sa ba a ankara da wuri ba. An sauya sunayen ginshiƙan a Excel zuwa "gabas_X" da "arewa_Y".

Bayan an gyara, aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ba ya riƙe caji, aikin awa biyu ya tafi. Abin da ya ɓace duk shafukan wucin gadi ne da QGIS ke ƙirƙira bayan kowane lissafi. Adana aikin ba ya adana abin da ke cikinsu. Daga yau duk shafin da aka fitar za a ajiye shi nan take cikin fayil ɗin GeoPackage guda. Caji a shago N600.

Laraba, 22 Oktoba

Ranar da'ira, kuma a nan ne manhajojin suka rabu sosai.

Kacici-kacici na 4: akwati na nisan mita 1,850 daga tushe na farko, 2,000 daga na biyu, 1,320 daga na uku. My Maps ba shi da kayan zana da'ira sam, ya fita tun a nan. Google Earth Pro na da da'ira a cikin Ruler kuma ana iya adana ta, sai dai cibiya da hannu ake dannawa, faɗin ma da hannu ake ja. An samu ɗan kusurwa uku mai kimanin mita 15 a tsakiyar da'irorin maimakon ɗigo guda. Ya isa ya nuna maka gonar da abin yake, bai isa ya nuna maka bishiyar ba.

A QGIS zagaye na farko ya fi haka muni, da'irorin ba su ma haɗu ba. Ruwa ba ya tsami banza, an bi sawu aka samu dalilai biyu.

Na ɗaya, shimfiɗar taswira. Hotunan da QuickMapServices ke kawowa a kan EPSG:3857 suke, irin shimfiɗar da taswirorin intanet ke amfani da ita, kuma an mayar da wuraren tushe kanta don su dace da hoton. Mitar wannan shimfiɗa ba mitar ƙasa ba ce, tana buɗewa yayin da ake nisa da tsakiyar duniya. A digiri 11, da'irar da aka ce mita 2,000 ce, a ƙasa mita 1,963 ce ta gabas da yamma, mita 1,950 ta kudu da arewa. Ta gaza, kuma ba ta ma zagaye ba. Mutane da yawa na ɗaukan wannan matsalar ta ƙasashen Turai ce kawai, alhali mita 37 zuwa 50 a cikin ciyawar ƙarshen damina ya isa a yini ana nema. Duk lissafin nisa a Zariya a yi shi a kan EPSG:32632, wato UTM shiyya ta 32 ta arewa, inda kuskuren ma'auni bai kai rabin mita a kilomita 2 ba. Hoton zai iya zama a ƙasa, QGIS zai juya shi da kansa.

Na biyu, Buffer, kayan QGIS da aka zana da'irorin da shi, ba da'ira yake zanawa ba, gajerun layuka yake jerawa. In ba a taɓa shi ba, layi 5 yake sawa a kowane rubu'i, 20 ke nan a zagaye. A da'irar mita 2,000, tsakiyar kowane layi na shigewa ciki da kusan mita 25. A allon kwamfuta ido ba ya kamawa sai an matso sosai. An ɗaga Segments zuwa 90, kuskuren ya koma ƙasa da santimita 10.

Jerin aikin da ya ba da amsa mai kyau: a mayar da wuraren kan 32632, a yi Buffer da Segments 90, a mayar da su layi da Polygons to lines, sannan Line intersections, a ɗauki ɗigon da da'irori ukun suka yi tarayya, a kwafe shi da Lat Lon Tools. GC Wizard na yin duk wannan a shafi guda, kuma amsarsa ta zo cikin mita 1 da ta QGIS. Amfanin QGIS shi ne kana ganin yadda da'irorin suka gitta juna. In sun gitta a miƙe, kuskuren mita 5 a awo mita 5 zai zauna. In sun haɗu a kwance, a ce digiri 15, wannan mita 5 zai koma kusan 19. Lamba kaɗai ba za ta gaya maka haka ba.

Asabar, 25 Oktoba

Awo na biyu na wuraren tushe, wannan karon da yamma. Biyar sun dace da na farko cikin mita 2 zuwa 3. Na Tudun Wada ya bambanta da mita 7, yana tsakanin bene da rumfar kwano, sigina na dukan su tana dawowa. An matsar da shi fili. Keke N2,400.

Asabar, 1 Nuwamba

An ɗora wuraren tushe a kan hotunan tauraron ɗan'adam don a ga ko za a iya ɗaukar lamba daga hoto ba tare da an je ba. Kwalbati guda, a hoton Google da na Bing da na Esri, wurare uku ya zauna, tazarar mita 3 zuwa 6. A Google Earth Pro ma in ka ja sandar tsofaffin hotuna za ka ga titi na ɗan matsawa daga shekara zuwa shekara. Hukunci: ba za a ɗauki lambar akwati daga hoto ba, sai an taka an auna.

Amma sandar tsofaffin hotunan nan ita ce dalilin da ba za mu bar Google Earth Pro ba. Hoton rani na nuna hanyar ƙafa da duwatsu da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda hoton damina ke rufewa da kore. A bakin kogin Kubanni kuma hoton damina ne ke nuna inda ruwa ke kaiwa, wanda ya sa aka ɗaga wurin akwati na 6 sama da mita 40.

An ajiye Google Maps da My Maps a gefe, sai don neman hanyar mota. Taswirar da Google Maps ke adanawa a waya ba ta haɗa da hoton sama ba, kuma lungunan cikin birni da yawa babu su.

Laraba, 5 Nuwamba

Kacici-kacici na 8 daga tsohuwar taswirar safiyo mai ma'aunin 1:50,000 aka ɗauke shi. An kai ta aka yi sikanin a kan 300 dpi, N3,000. A wannan ma'auni milimita 1 a takarda mita 50 ce a ƙasa, ɗigon hoto guda kuma kusan mita 4, saboda haka ko an yi komai daidai, irin wannan tambaya sai dai ta kai mutum ga babban abu kamar mahaɗar hanya ko gada, daga nan a ba shi alama ta biyu.

An ɗaure hoton da Georeferencer, kayan QGIS na daidaita hoto da lambobin ƙasa, ana danna mahaɗar layukan digiri na kusurwoyi huɗu ana rubuta lambobinsu. Da aka gama, titin jirgin ƙasa da kogin Galma duk sun zauna gabas da inda suke a hoton sama, kusan mita 80, kuma tazarar iri ɗaya ce ko'ina a takardar. Tazara iri ɗaya alama ce ta ma'aunin tushe, ba ta karkacewar takarda ba. Taswirorin safiyon Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, da siffar duniya ta Clarke 1880, ba WGS84 ba. An sake ɗaurin aka gaya wa QGIS cewa lambobin na EPSG:4263 ne, komai ya koma mazauninsa, saura kimanin mita 15 da ke cikin kaurin layin zane.

Ga wanda takardarsa ke ɗauke da lambobin mita maimakon digiri, sai ya duba gefenta: Minna UTM shiyya ta 32 ita ce EPSG:26332, tsarin ƙasa mai ɗamara uku kuwa Zariya na ta tsakiya, EPSG:26392. Wannan aiki QGIS kaɗai ya iya shi cikin duk waɗanda aka gwada. Google Earth Pro na ɗora hoto a kan ƙasa, amma da jan kusurwa da hannu, babu inda za ka faɗa masa Minna.

Asabar, 8 Nuwamba

An buga takardun tambayoyi goma, N1,500, da taswira A3 guda biyu, N1,600. A tambayar da ake mayar da harafi lamba an buga jadawalin a jikin takardar, domin jerin haruffan Hausa da ɓ, ɗ, ƙ ba ɗaya yake da jerin A zuwa Z da manhajojin ke ƙirgawa ba.

Alhamis, 13 Nuwamba

Kai amsoshi daga kwamfuta zuwa waya. Fitar da GPX, fayil ɗin lambobin wurare da manhajar waya ke karantawa, daga QGIS ya ƙi sau biyu. GPX ba ya karɓar komai sai WGS84, don haka a wajen adanawa dole a zaɓi EPSG:4326. Sannan ba ya son ginshiƙan da bai sani ba. Ko dai a bar name da desc kawai, ko a kunna GPX_USE_EXTENSIONS. Mun zaɓi na farko.

c:geo ya karɓi fayil ɗin. An sauke masa taswirar Najeriya ta OpenStreetMap, wadda jama'a ke zanawa kyauta, daga cikin manhajar, aka kashe data, taswira da kibiya da nisa duk suna aiki. Yana kuma barin mutum ya rubuta lambar da ke da gurbi, kamar N 11° 04.ABC, ya cike A da B da C a fili yayin da yake samo su, wanda ke rage kuskuren lissafi a tsaye cikin rana. Manhajar kamfanin Geocaching kanta an duba ta, sai dai adana jeri da taswira don aiki ba intanet na masu biyan kuɗi ne. Ƙarin data N3,500.

Asabar, 15 Nuwamba

An zana wuraren da ba za a kusanta ba a shafi guda mai launin ja: barikokin soja, filin jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, titin jirgin ƙasa, makarantu, maƙabartu, da jikin ganuwa, wadda kayan tarihi ce kuma ƙasa ce mai zubewa in ana takawa. An kuma zana da'irar mita 161 a kan kowane akwati, tazarar da ƙa'idar wasan ta gindaya tsakanin akwati da akwati. Na 3 ya shiga cikin da'irar na 2 da mita 20, an matsar da na 3.

Da ɗan gari akan ci gari. Mutum na zagaye da waya yana leƙa gindin bishiya abin zargi ne a halin da ake ciki, kuma da gaskiyar masu zargin. An je wa masu unguwannin da abin ya shafa da masu gonaki, an nuna masu robar da za ta zama akwatin a buɗe da abin da ke ciki. Wani dattijo mai gona ta hanyar dutsen Kufena ya ce, "Ku bari in gama yankan dawa, yarana, sannan ku sa a gindin dutsen can, ba a cikin kunya ba." An ce to Baba, an ɗage na 9 zuwa bayan girbi. Robobin duk masu nuna ciki ne, an rubuta bayani da Hausa a jikinsu, kuma ba a binne ko ɗaya ba, ƙa'ida ta hana haƙa. Robobi goma N4,000, littattafai da fensir N1,500, goro N2,000.

Asabar, 22 Nuwamba

Gwajin fili. Mutum biyu da ba su san inda aka ɓoye ba suka warware tambayoyi tara da GC Wizard, suka duba a QGIS, suka fita da c:geo ba data. Bakwai an same su cikin minti 10 da isa wurin. Na 5, a lungun cikin birni, ya ɗauki minti 25, kibiya na juyawa tsakanin katangu da rufin kwano. Lissafin daidai ne, sai da aka koma bakin lungu inda sama ke buɗe aka ƙirga taku. Na 7 ba a same shi ba. Man babura biyu N3,800.

Laraba, 26 Nuwamba

An gano ciwon na 7, kuma daga wajen tsara tambayar yake, ba daga manhaja ba. Layuka biyu ne masu gittawa, an ɗauki kusurwoyinsu da kamfas ɗin waya ana tsaye kusa da babur. Ƙarfe na jan kamfas, sannan kamfas arewar maganaɗisu yake nunawa, takardar kuma ta ce ta gaskiya. Kuskuren digiri 1 mita 17 da rabi ne a kowace kilomita, a nan an samu kusan digiri 2 a layin mita 900, layukan kuma sun gitta a digiri 20 kacal, sai mahaɗar ta zame kusan mita 90.

An sake ta: kusurwoyi daga lambobin wurare aka lissafa su a GC Wizard, ba daga kamfas ba, an rubuta su da ɗigo ɗaya bayan digiri, an kuma sauya tushe na biyu don layukan su gitta a digiri 74. Daga yanzu duk tambayar layi ko da'ira da mahaɗarta ta gaza digiri 45 ba za ta fita ba, kuma kowace takarda za ta faɗi arewar da ake nufi.

Hazo ya fara sauka. Bai taɓa GPS ba, amma Kufena ba ya ganuwa daga Samaru da safe, don haka tambayar da ta dogara da hango dutse sai a jinkirta ta.

Asabar, 29 Nuwamba

An tsayar da zaɓi. GC Wizard ne na lissafi, a gida da a fili. QGIS a kan EPSG:32632 ne na zane, da duba kusurwar mahaɗa, da duk abin da ya shafi tsohuwar taswira. c:geo ne na tafiya. Google Earth Pro na kallon ƙasa kafin a fita, ba a ɗaukar lamba daga gare shi. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya warware tambaya tara cikin goma da waya kaɗai, ta 8 ce ke buƙatar QGIS. Ba a biya kuɗin manhaja ko ɗaya ba. Jimillar abin da aka kashe zuwa yau N38,800.

Abin da ke gaba: a sa akwati na 9 idan an kwashe dawa, a yi awo na uku a kan dukkan akwatunan da sassafe, a maimaita gwajin na 7 da sabbin mutum biyu ranar 6 Disamba. Lungunan da aka taka a cikin birni waɗanda babu su a OpenStreetMap an adana sawunsu a GPX, za a zana su a ɗora. Akwati uku da suka fi nisa da jan shafi, na 1 da na 4 da na 6, su za a fara miƙa wa mai tantancewa na Geocaching.com, da bayanin izinin masu wurin a haɗe. Batirin kwamfuta na buƙatar sauyi kafin nan, za a tambayo kuɗinsa a PZ, unguwar shaguna ta Zariya, ranar Litinin.